Tsakanin Girmama Mutane da Tsoron Bakinsu

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wata tambaya da kowannenmu ya tashi yana jin ta a gida: "Me mutane za su ce?" Uwa takan jefa wa 'yarta ita in ta ga za ta fita ba ɗankwali. Uba yakan jefa wa ɗansa ita in ya wuce dattawa bai gaishe su ba. Wannan tambaya ta tsare mu daga abin kunya mai yawa, saboda haka ba mu raina ta ba. Amma kuma ita ce ta sa waɗansunmu suka ɓoye sunansu na baftisma, waɗansu suka ci bashin da ya fi ƙarfinsu domin biki, waɗansu kuma suka yi gum a wurin da ya kamata su ba da shaidar gaskiya. A darasinmu na wannan wata za mu duba inda ya wajaba Kirista ya saurari wannan tambaya, da kuma inda ya wajaba ya wuce ta.

1. Wurin da Allah ya ajiye mu

Mu Kiristocin Gusau da Tsafe da Bunguɗu kaɗan ne a tsakiyar jama'a wadda mafi yawanta Musulmi ne, kuma haka abin yake tun farko. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Gusau, ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa, cikinsu har da masu bi. A 1953 aka keɓe yankin Sakkwato aka danƙa shi ga firistocin Dominikan daga Amurka. Sistocin Dominikan suka iso Gusau a 1956, suka kama aikin jinya da koyarwa, yankin kuma ya zama Dayosis a 1964. An kafa Jihar Zamfara a 1996, aka fara aiki da Shari'ar Musulunci a cikinta a shekarar 2000.

Wanda ke zaune a irin wannan wuri ya san idanu suna kansa. Abin da Kirista ɗaya ya yi a kasuwa ko a ofis, da shi za a auna Ikilisiya gaba ɗaya. Daga nan jaraba iri biyu ke tasowa. Wani sai ya noƙe, ya riƙa bin ra'ayin duk wanda ya tarar, har bangaskiyarsa ta zama abin ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. Wani kuwa sai ya taurara, ya ce shi ba ruwansa da kowa, ya mai da rashin ladabi ya zama shaidar jaruntaka. Dukansu biyu sun kauce wa Bishara.

2. Girmama mutane wajibi ne

Littafin Farawa ya koya mana cewa cikin kamannin Allah aka halicci kowane ɗan Adam. Daga nan mutuncin mutum ya fito, ko addininmu ɗaya da shi ko ba ɗaya ba. Wanda ya raina maƙwabcinsa ya raina aikin hannun Allah.

Mu dubi Manzo Bulus. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 8, ya yi magana a kan naman da aka miƙa wa gumaka. Shi kansa ya san gunki ba kome ba ne, naman kuma ba zai cuce shi ba. Duk da haka ya yarda ya haƙura da nama ɗungum in cinsa zai sa ɗan'uwa mai raunin lamiri ya yi tuntuɓe. A Ayyukan Manzanni sura ta 16 kuma, ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawan da ke wuraren da za su bi, don kada ƙofar wa'azi ta rufe musu. Ashe manzon ya damu ƙwarai da abin da mutane za su gani, amma ƙauna ce ta sa shi damuwar.

Ikilisiya ma haka ta koyar. A 1965 Majalisar Vatican ta Biyu ta fito da takardar Nostra Aetate, inda ta bayyana cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da daraja, domin suna bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Yesu da mahaifiyarsa Maryamu, suna kuma riƙe da addu'a da sadaka da azumi.

To, mene ne wannan ke nufi a unguwanninmu? In watan azumi ya kama, ba doka ce ta Ikilisiya ta hana mu cin abinci da rana ba, amma mai hankali ba ya shan ruwa a gaban abokin aikinsa da ƙishi ya galabaitar. In 'ya'yanmu za su fita, su yi suturar da ba za ta zubar da mutuncin gidansu ba. In an yi rasuwa a maƙwabta, mu je ta'aziyya, mu zauna a tabarma tare da jama'a. In mun sadu da dattijo, mu rusuna mu gaishe shi. In muna addu'ar dare, mu sassauta lasifika domin masu barci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage mana bangaskiya. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

3. Tsoron bakin mutane tarko ne

Amma akwai wata damuwar da ke kama da ladabi, alhali kuwa tsoro ce. Littafin Karin Magana, sura ta 29, ya kwatanta tsoron mutum da tarko. A Bisharar Markus sura ta 6, Sarki Hirudus ya san Yahaya Mai Baftisma adali ne, yana ma jin daɗin sauraronsa. Da yarinyar nan ta roƙi kan Yahaya, ransa ya ɓaci, amma saboda rantsuwar da ya yi a gaban manyan baƙinsa sai ya ba da umarni aka fille kan annabin. Kunyar baƙi ta sa shi zub da jini. Bilatus ma bai sami Yesu da laifi ba, amma ya ba da shi domin ya faranta wa taro rai.

Ko tsarkaka ba su tsira daga wannan jaraba ba. A Antakiya, Bitrus yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, sai waɗansu baƙi suka zo daga Urushalima, ya janye jikinsa don gudun maganarsu. Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, kamar yadda ya ba da labari a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura ta 2. A wannan sura ce kuma muka ga Bulus ɗin da ya yi wa Timoti kaciya ya ƙi yarda a tilasta wa Titus, domin a nan masu neman kaciyar suna so su mai da ita sharaɗin ceto. Aiki iri ɗaya ne, amma a wuri na fari ƙauna ta ce a yi, a wuri na biyu gaskiya ta ce kada a yi.

Mu ma mu bincika kanmu. Nawa ne cikinmu ke zaman aure shekara da shekaru ba su ɗaura shi a gaban Ikilisiya ba, suna nesa da karɓar Jikin Kristi, don kawai ba su da kuɗin shagalin da zai rufe bakin dangi? Nawa ne suka sayar da hatsin da za su ci har damina domin kada a ce jana'izar mahaifinsu ba ta yi armashi ba? Nawa ne suka ga an zalunci maraya ko gwauruwa, aka kira su shaida, suka ce ba su ga kome ba saboda mai zaluncin babba ne a gari?

Akwai kuma wani rauni sabo. Tun da satar mutane don kuɗin fansa ta addabi ƙauyuka da hanyoyin jiharmu, mata da 'yan mata da dama sun dawo daga daji da ciwo a jiki da zuciya. Sau da yawa abin da ke jiransu a gida shi ne raɗe-raɗi da nuni da baki. Miji yakan yi sanyi da matarsa, iyaye su ɓoye 'yarsu, duk don gudun surutu. 'Yan'uwa, wadda aka zalunta ba ta yi zunubi ba, mutuncinta a gaban Allah bai ragu ko ƙwayar gero ba. Gidan Kirista da Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su ne ya kamata su fara tarbarta da farin ciki, ko da unguwa duka tana gunaguni.

4. Dattijon da ya haɗa duka biyu

A Littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 6, akwai labarin Eli'azar, malamin Attaura mai shekara 90. A zamanin Sarki Antiyakus aka tilasta wa Yahudawa cin naman alade, abin da dokar Musa ta haramta. Masu kula da aikin sun daɗe da sanin dattijon, suka ji tausayinsa. Suka ja shi gefe suka ce ya kawo naman da ya halatta a gare shi, ya ci a gaban jama'a kamar na sarki yake ci, ya tsira da ransa. Ya ƙi, ya zaɓi mutuwa. Dalilinsa kuwa shi ne, matasa za su ɗauka ya bar addininsa a ƙarshen kwanakinsa, su ɓata saboda shi.

Mu lura da kyau. Eli'azar bai ji tsoron fushin sarki ba, bai kuma bi daɗin bakin abokansa ba, amma ya damu da abin da yara za su gani. Ya tambayi kansa abin da mutane za su ce, domin amfanin rayukansu. Hirudus ya yi wa kansa tambayar nan domin kare girmansa. Nan ne bambancin yake.

Haka Shahidan Uganda suka yi. Charles Lwanga da abokansa bayin fada ne, suna yi wa Sarki Mwanga hidima da aminci cikin kome, sai dai abin da ya saɓa wa Allah. An ƙone Lwanga a Namugongo ran 3 ga Yuni, 1886, Paparoma Bulus na Shida kuma ya sa su cikin jerin tsarkaka a 1964.

5. Ma'aunin da za mu riƙe

Duk sa'ad da maganar mutane ta tsaya mana a rai, mu yi wa kanmu tambayoyi uku. Ta fari: abin da ake so in yi ko in bari, ya saɓa wa dokar Allah da lamirina? In bai saɓa ba, al'ada ce kawai ko ladabi, sai mu sassauta da zuciya ɗaya. In ya saɓa, sai mu tsaya, kamar yadda manzanni suka shaida wa majalisa a Ayyukan Manzanni sura ta 5 cewa biyayya ga Allah ita ce gaba. Ta biyu: wa nake karewa, ɗan'uwana ko sunana? Ta uku: in na ƙi, da wane irin harshe zan ƙi? Manzo Bitrus, wanda ya ɗanɗana ɗacin tsoron mutane a daren da ya yi musun Ubangiji, ya gargaɗe mu a wasiƙarsa ta fari, sura ta 3, mu zauna a shirye mu bayyana begenmu ga duk mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi. Ana iya cewa a'a ba tare da zagi ba. Ana iya ƙin ra'ayin mutum, gobe kuma a je sunan ɗansa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

(a) Wace al'ada ce ta maƙwabtanmu muka saba rainawa, alhali girmama ta ba zai taɓa bangaskiyarmu ba?
(b) Wane abu ne muka san Allah yana so mu yi, amma tsoron surutu ya hana mu har yau?
(c) Yaya majami'armu ke tarbar waɗanda suka dawo daga hannun masu satar mutane?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne kake ganin zuciya. Ka ba mu ladabin da zai sa maƙwabtanmu su ji daɗin zama da mu, ka ba mu ƙarfin halin da zai hana mu sayar da gaskiya domin yabon mutane. Ka warkar da waɗanda harsuna suka raunata, ka kuma kiyaye namu harsunan. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.