Tunawa da Shehu Usmanu, malamin jama'a, kakan malamai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai, ma'abuta wuridin Ƙadiriyya na Mafara da Bakura da Maradun, wagga takarda tunatarwa ce bisa rayuwar Shehunmu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi. Da yawanmu muna ambaton sunansa, muna tafiya Sakkwato ziyarar Hubbare, alhali gidajenmu cike suke da ɗiya da jikoki waɗanda ba su iya alwalla ba. Ku sani son waliyyi ba ya cika sai da bin abin da ya bi.

Fasali na farko, cikin neman iliminsa

An haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir, cikin watan Safar shekara 1168, daidai da 1754, ya tashi a Degel. Alƙur'ani ga mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya karanta shi. Muhtasar na Halilu ga Usmanu Binduri, ɗan'uwan iyayensa. Sahihul Buhari ga Alhaji Muhammadu ɗan Raji, shi ma danginsa ne. Sa'an nan ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ku lura, galibin tushen karatunsa daga cikin gida ya fito, daga uba da dangi. Ya fara kiran mutane ga addini shina ɗan shekara 20.

Fasali na biyu, cikin zamansa a ƙasarmu

Wajen shekara 1201, daidai da 1786, ya taho Zamfara tare da ƙanensa Abdullahi, sunka zauna kamar shekara 5 suna wa'azi, ya yi zama a Faru. Jahilci ya yi yawa ga mutanen ƙasar a zamanin nan. Maza sunka riƙa zuwa majalisinsa, mata ma sunka riƙa zuwa, shina raba musu wurin zama. Sai wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya yi mishi inkari da waƙa, shina neman a hana mata halarta. Shehu ya umurci Abdullahi da shi mayar da jawabi. Ma'anar jawabin ita ce, barin mace cikin jahilcin abin da Allah ya wajabta mata ya fi fitowarta cikin sutura cuta, kuma in cuta biyu sunka gamu, ƙaramar aka ɗauka. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure su bar matansu da ɗiyansu mata cikin duhu.

Cikin shekarun nan ne Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar Salla, ya ba su kyautai. Shehu ya ƙi karɓar dukiya. Ya nemi abu 5: a bar shi shi kira mutane ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. Ku duba abin da ya gabatar cikin biyar ɗin nan: izinin karantarwa.

Fasali na uku, cikin halinsa

Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari cikin Infaƙul Maisuri cewa in Shehu za shi fita ga jama'a, sai shi tsaya kaɗan cikin gida shina faɗin wasu kalmomi. Da ya tambaye shi, sai ya sanar da shi niyya yake sabuntawa, shina yi wa Allah alkawarin ikhlasi, shina roƙon Allah shi fahimtar da masu saurare. Shina tarbar mutane da sakin fuska, ba ya ƙosawa da mai tambaya. An ruwaito igiya yake tufkawa da hannunsa don abin da za shi ci. Shina ɗan shekara 40 da watanni ya ga Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, tare da Shehu Abdulƙadir Jilani, anka rataya mishi Takobin Gaskiya. Wanga buɗi bai hana shi zama da yara da mata shina koya musu tsarki da salla ba.

Fasali na huɗu, cikin ɗiyansa da jikokinsa

Kulawarsa ga jikoki ta fara tun ba a haife su ba, domin uwayensu ya karantar. Ɗiyarsa Hadiza malama ce. Ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa a shekarar hijira daga Degel zuwa Gudu, 1804. Yaron ya karanta ga uwarsa da ubansa, ya karɓi tasawwufi ga kawunsa Muhammadu Sambo, ya zama babban malami a Salame, shi ya wallafa Raulatul Afkari. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda anka haifa 1793, ta tsara jajis da 'yan taru, suna kai karatu ga matan ƙauyuka cikin waƙoƙin Hausa da Fillanci. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa Giɗaɗo ga waziranci. Shehu ya rasu a Sakkwato 3 ga Jimada Ahir 1232, daidai da 1817, ɗan Tafa shina da shekara kamar 13. Kakan ya tafi, karatun bai yanke ba, domin ya bar shi ga hannun uwaye.

Fasali na biyar, cikin abin da ya hau kanmu

Ya 'yan'uwa, mun san jarrabawar da ta same mu. A shekarar 2021 anka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara, cikin shekarar kuma anka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Allah shi tsare na gaba, shi mayar muna da zaman lafiya. Ba a zargin uba in ya ji tsoro bisa ɗiyarsa. Amma in tsoro ya tare hanyar makaranta, ba ya tare tsakar gida. Allah ya umurce mu cikin Suratut Tahrimi da mu tsare kawunanmu da iyalanmu daga wuta, kuma umurnin bai faɗi ba don ƙasa ta rikice. Shehu da jama'arsa sun yi hijira, sun sha yunwa da yaƙi, littattafai na tare da su.

Saboda haka, duk muridin da Allah ya ba jika, shi lizimci wanga aiki tare da wuridinsa. Bayan Magariba shi zaunar da yaran gidansa, maza da mata. Shi tsaya kaɗan shi gyara niyya kamar yadda Shehu ke yi. Shi biya musu allo, shi koya musu mas'ala guda daga Ƙawa'idi ko Ahalari ko Ishmawi, shi duba alwallarsu da idonsa. Kada shi yi tsawa ga mai nauyin fahimta. Wanda bai iya ba shi tafi ga wanda ya iya, shi koyo da safe shi koyar da dare, babu kunya ga tsoho cikin wannan. In hanya ta yi aminci a mayar da su makaranta, kada a ce mace ta zauna namiji shi tafi. In an gama, a karanta Fatiha a ba da ladarta ga Shehu da malamansa da iyayenmu da sunka riga mu.

Ni tsoho ne, abin da ya rage mini kaɗan ne, kuma kaina nake fara yi wa gargaɗin nan. Ya Allah ka yi rahama ga Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello da Asma'u, ka amfane mu da albarkarsu, ka sanya zuriyarmu cikin masu tsai da salla, ka cika mu da imani. Amin.

Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.