Gudawar da Ake Ɗauka a Asibiti: Yadda Ake Gano Zuriyar Ƙwayar Cutar

Akan kwantar da mutum a asibiti saboda karaya ko ciwon huhu, a ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan 'yan kwanaki sai gudawa ta tsinke masa. Masu jinya su ce abinci ne ya ɓata masa ciki. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridioides difficile, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da C. diff.

A hanjin kowane mai lafiya akwai ɗimbin ƙwayoyi masu amfani da ke hana miyagu samun wurin zama. Idan magani ya kashe su, sai C. diff ta hayayyafa, ta fitar da dafin da ke kumbura babban hanji. Tsofaffi da waɗanda suka daɗe a kwance sun fi shiga haɗari, kuma takan yi kisa.

Ita wannan ƙwaya zuriya-zuriya ce. Kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa, haka ma'aikatan ɗakin gwaji ke raino ƙwayar daga bahayar majiyyaci, su duba tsarin halittarta na gado, su ba ta lamba, misali 001, 027 ko 078. Idan majiyyata uku a ɗaki ɗaya suka zo da lamba ɗaya, to ana zargin daga gado zuwa gado ta bi. Idan lambobin sun bambanta, sai a nemi dalili a wani wajen.

Zuriyar da ta fi yin ƙaurin suna ita ce 027. Ta ɓarke a asibitocin lardin Kebek na ƙasar Kanada a 2003, sannan ta addabi asibitin Stoke Mandeville na Ingila tsakanin 2003 da 2005. Da aka bincika, sai aka ga ba ta jin magungunan dangin ciprofloxacin. Wato duk wanda aka ba irin maganin, an share mata fili ke nan.

Daga baya masana a birnin Okusfod suka karanta ilahirin tsarin gadon ƙwayoyin da aka samu daga majiyyata sama da 1,200. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya ba mutane mamaki: kimanin kashi 35 cikin ɗari ne kawai ke da alaƙa ta kusa da wani majiyyacin da ya rigaye su. Saura daga wasu hanyoyi suka samo ta, har da masu ɗauke da ita ba tare da alamar ciwo ba. Wani binciken na 2017 ya nuna cewa raguwar cutar a Ingila bayan 2006 ta fi alaƙa da taƙaita ba da dangin ciprofloxacin, domin zuriyoyin da ba sa jin maganin su ne suka kusan ɓacewa.

Nan ne abin ya shafe mu. Wannan magani dai shi ne ake saya a kemis ba takardar likita, da zarar an ji zazzaɓi an ce taifot ne. A daina.

Idan kana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ka gama ba da daɗewa ba, sai ka yi gudawa sau uku ko fiye a yini, ka sanar da nas ko likita. Kada ka sha maganin tsayar da gudawa da kanka. Mai jinya kuma ya wanke hannu da sabulu da ruwa bayan ya ɗauke fo, domin man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe irin wannan ƙwaya. Bayan gida da ƙarfen gado kuwa, da ruwan bilic ake goge su.