Yadda Ake Ciro Injin Mota da Cen-bulok Ba Tare da Rauni Ba

Motar da ke jigilar masara da gawayi daga Kuyello zuwa Funtuwa ko Birnin Gwari ba ta daɗewa injinta bai nemi a sauke shi ba. In kuwa an zo saukewa, abin da galibin kanikawanmu ke da shi shi ne cen-bulok, da guntuwar sarƙa, da inuwar bishiya. Waɗannan sun isa, muddin an san inda haɗarin yake. Injin Golf mai silinda huɗu ya kan kai nauyin buhun masara ɗaya da rabi, wato wajen kilo 150, in an haɗa da giyabos ya doshi 200. Na Kanta kuwa ya haura kilo 300. Irin wannan nauyi in ya faɗo a ƙafar yaro, babban asibiti yana iya yin nisa.

Fara da wurin ratayewa, domin a nan aka fi yin sakaci. Cen-bulok ɗin da aka rubuta tan 1 a jikinsa zai ɗauki injin ƙaramar mota hankali kwance, amma reshen da aka rataye shi babu abin da aka rubuta a jikinsa. Reshen mangwaro ko darbejiya yana iya yin kyau a ido, alhali gara ta cinye cikinsa. Ni dai shawarata, a haƙura da bishiya. A sa mai walda ya haɗa ƙafa uku ta bututun ƙarfe mai kauri, irin wanda ake samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. A ɗaure ƙafafun da sarƙa daga ƙasa don kada su buɗe idan nauyi ya hau, a kuma shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashin kowace, musamman da damina, lokacin da ƙasa ke lumewa. In dole ce ta sa sai bishiya, a zaɓi ɗanyen reshe mai kauri, a rataya dab da jikin uwar bishiyar, a ƙwanƙwasa shi a ji ko yana ƙarar kogo.

Sai ka duba cen-bulok ɗin kansa. Bi sarƙar da hannu, zobe bayan zobe. Zoben da ya miƙe, ko ya tsage, ko aka taɓa yi masa walda, ya gama aiki. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe alama ce an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma dukan ta da guduma ba ya mayar mata da ƙarfi. Ɗan marfin da ke rufe bakin ƙugiya ya kasance yana nan.

Ajiye motar a wuri mai baje, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan taya. Cire kan batir, ka fara da na nagetif. Sauke bonet gaba ɗaya, ka tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto, ka fitar da lagireton. Daga nan sai tiyon fetur, wayoyin lantarki, wayar totur, salansa, da wayar at da ke haɗa injin da bodi, wadda aka fi mantawa da ita. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da wayarka, zai yi maka rana ranar mayarwa. In giyabos zai zauna a mota, tokare shi da jak.

Yanzu ɗauri. Galibin injuna suna zuwa da kunnuwan ƙarfe biyu da kamfani ya yi don ɗagawa, ɗaya gaba ɗaya baya. Da su za ka yi aiki. In an cire su, ɗaura sarƙa da kusoshi masu lamba 8.8 a kansu, a ramukan jikin injin masu ƙarfi, da washa mai faɗi, su shiga ciki sosai. Kada a rataya da fanbel, ko tsohon bel na kujera, ko igiyar ɗaurin kaya. A kuma lura da tsawon sarƙar. Idan ta yi gajarta har ta kwanta kusan a miƙe tsakanin kunnuwan biyu, nauyin da kowane ɓangare ke ji yana ninkuwa, ya kan ma wuce nauyin injin duka. Ba ta tsawo, ta tashi kamar jinkar ɗaki. Ƙugiya kuma ta sauko daidai tsakiyar injin, domin jan karkace shi ke kayar da ƙafa uku.

Ja sarƙar hannu har ta ɗauki nauyin, sannan ka kwance kusoshin injin-sit. Ɗaga kamar faɗin yatsu biyu, ka tsaya. Wannan tsayawar ita ce rabin aikin. Zagaya da tocila ka leƙa ko'ina. In gaban motar na tasowa tare da injin, ko sarƙar hannu ta yi tauri fiye da kima, akwai abin da ba a kwance ba. Sassauta ka nemo shi, kada ka kira mutum na biyu ya taya ja. Cen-bulok an yi shi ne mutum ɗaya ya ja.

Malam bakanike, baki ɗaya ne zai yi umarni, naka. Yaran gareji su ja baya, 'yan kallo ma haka. Mai daidaita injin ya riƙe shi daga sama ko da igiya, kada yatsa ya shiga tsakanin injin da bodi, kada kowa ya kwanta a ƙarƙashi ko da noti ne ya faɗi.

Da injin ya haura gaban motar, kada a lilo shi gefe. A cire waigi, a saki birkin hannu, a tura motar baya, injin yana nan inda yake. Sai a sauke shi a hankali a kan tsohuwar taya, a tokare shi da katako ta kowane gefe, a girgiza shi a ga ya zauna daram kafin a zare ƙugiya.