Sunan Da Ba Shi Da Takwara: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu

Kowane malamin hakimi ya san wahalar gwada littafi da littafi. Ga littafin manoman gunduma, ga kuma littafin rabon taki. Abin nema shi ne sunan da ke cikin ɗaya amma babu shi cikin ɗayan, gama a nan ne haƙƙin talaka yakan salwanta.

A cikin kwamfuta kowane littafi jadawali ne, kowane mutum da layinsa. A shekarar 1970 wani masani ɗan Ingila, Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya tsara hanyar haɗa irin waɗannan jadawalai. Ba da suna ya kamata a haɗa su ba, domin ana iya samun Musa Abdu goma a gunduma guda. Da lamba ake haɗawa, wadda ba a ba mutum biyu, kamar lambar ɗan ƙasa ta NIN mai alƙaluma 11.

Harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi a wannan aiki ana ce da shi SQL. Umarninsa na INNER JOIN yana kawo waɗanda suka dace a littattafan biyu kaɗai. Wanda ba shi da takwara sai ya ɓace shiru, malami ya zaci kome daidai ne. Saboda haka a yi aiki da LEFT JOIN, wanda ke jero dukan manoma, kowa da rasidinsa a gefe. Inda babu rasidi sai gurbin ya nuna NULL, watau babu kome. Sa'an nan a ce a ware masu NULL kaɗai. Waɗannan su ne aka rubuta amma ba su karɓa ba.

Lalle ne kuma a juya aikin, a fara da littafin rabo. Nan za a ga buhunan da suka fita da lambar da babu ita cikin manoma. Gwaji na fari yana nuna wanda aka hana, na biyu yana nuna wanda aka ba ba bisa ƙa'ida ba.

Malami ya yi hattara da umarnin NOT IN. In akwai gurbin lamba ko guda da aka bari fanko a littafin da ake dubawa, ba zai kawo suna ko ɗaya ba. NOT EXISTS ba shi da wannan aibi.

To, sunan da ya fito tambaya ce, ba hukunci ba. Sau da yawa alƙalami guda ne aka buga kuskure, ko an yar da sifirin farkon lamba. Hakimi ya aika wa dagaci sunayen, a kira mutumin, a dubi takardarsa, kana a gyara ko a hukunta. Gani ya kori ji.