Darasin Wannan Wata: Adamu Halilu, Mai Shirya Majigi

Ku tambayi dattawanku labarin majigi. A da, mota ce take zuwa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, kowa ya fito kallo. Darasinmu na yau a kan wani mai shirya majigi ne, Alhaji Adamu Halilu.

An haife shi a Garkiɗa, ƙasar Adamawa, a 1936. Ya koyo aikin fim a Turai. Da ya dawo gida, ya yi aiki a sashen majigi na Gwamnatin Jihar Arewa, yana shirya finafinan wayar da kai.

Babban aikinsa shi ne fim ɗin Shaihu Umar, wanda ya shirya da Hausa a 1976. Ya ɗauko labarin daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin wani yaro ne da aka sace zamanin bauta, aka ƙetare hamada da shi. Can ya yi karatu har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta baiwa. A fim ɗin an ga suturarmu, da gidajenmu, da yadda magabata suke magana.

Adamu Halilu ya rasu a 2001. Shekaru da dama ba a ga fim ɗin ba, har aka zaci ya ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Aka gyara shi, aka nuna shi a birnin Berlin na Jamus a 2018.

To, jama'a, abin da aka rubuta ko aka ɗauka, ko ya ɓace ana iya gano shi. Amma labarin da ke bakin tsoho kaɗai, ran da ya rasu da shi za a binne. Ba kowa ne yake da na'urar fim ba, amma yanzu kuna da biro da takarda.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Adamu Halilu?
2. Wa ya rubuta littafin Shaihu Umar?
3. A wace shekara aka gano fim ɗin?

Aikin gida: Je wurin wani dattijo ko dattijuwa a garinku, ka tambayi yadda aka kafa garin. Rubuta layi biyar, ka kawo wa malaminku.