Kafin Ki Shafa, Juya Robar Ki Karanta

Hutun da ya wuce na je gida Malumfashi, na tarar ƙanwata ko a tsakar gida ba ta cire mayafi daga fuska. Da na matsa mata ta buɗe, sai ga kumatu sun yi jawur, ga ƙananan ƙuraje, fatar ta yi laushi har ana ganin jijiyoyi. Wata uku ke nan tana shafa wani man haɗi da ta saya ta WhatsApp. A gaban robar an rubuta "Organic", ga hoton karas da zuma. Na juya bayanta, wayam. Da muka je asibiti, tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Me ke cikin man?" Ni da nake shekarar ƙarshe a difloma ta kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, na rasa amsa.

'Yan'uwa ɗalibai, dalilin wannan darasi ke nan. A Turai da Amurka masu saye sun daɗe suna matsa wa kamfanoni cewa su rage tarkacen sinadarai, su kuma faɗi abin da suka zuba. Yayin ya iso mana, amma rabinsa muka ɗauka: mun karɓi kalmomin talla, mun bar bayanin. Rubuta "Natural" ko "babu kemikal" ba ya tabbatar da komai. Ruwan sha ma kemikal ne, guba kuma akwai ta a cikin tsirrai. Gaban roba talla ne, gaskiyar tana baya.

Ga yadda ake karanta bayan. Akwai tsarin sunaye na duniya da ake kira INCI, wanda ke jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba ne kawai ake iya jerawa yadda aka ga dama a ƙarshe. Don haka in an cika ki da tallar man kaɗe amma sunansa na can ƙasan layi, ɗan lakuce aka sa. Kada dogayen sunaye su tsorata ki, da yawansu namu ne. Aqua ruwa ne. Butyrospermum Parkii man kaɗe ne. Arachis Hypogaea gyaɗa ce, Sesamum Indicum riɗi, Glycine Soja waken soya. Gossypium kuwa auduga ce, wato man angurya, irin wadda manoman Funtua da Malumfashi suka daɗe suna kaiwa injin gurza. Parfum turare ne, kuma shi kaɗai yana iya ƙunsar sinadarai barkatai, shi ya sa mai fata mai saurin ƙaiƙayi ke hattara da shi.

Sunaye uku kuma in kin gani, ajiye robar. Na farko zaiba, da ke zuwa da sunan Mercury ko Calomel. Tana ratsa fata ta taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, har jaririn da ke ciki ba ta bari. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke ciki, ta sa mata takunkumi a kayan kwalliya. Na biyu Hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana a man ƙara hasken fata tun 2001. In aka daɗe ana shafa shi, sai ya bar baƙin tabo mai wuyar fita. Na uku Clobetasol da danginsa. Magani ne na likita, ba na kwalliya ba, yana sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Matsalar man haɗi ita ce ba za ki ma ga sunayen ba, tunda ba a rubuta komai ba.

Yanzu bari in juyo kanmu. Da yawanmu mun koyi haɗa sabulu da man shafawa a darasin sana'a, wasu har suna sayarwa a hostel suna biyan kuɗin makaranta. Madalla da neman na kai. Amma ki sani, man kaɗe zalla yana daɗewa saboda babu ruwa a ciki. Da zarar kin zuba ruwa ko ruwan alobera, kin yi wa ƙwayoyin cuta gida, balle a zafin Afrilu. Dole ki sa sinadarin hana lalacewa, ki kuma rubuta shi. In kin yi amfani da man gyaɗa, faɗi, don akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta.

Wata ƙawata ta ce, "To in na rubuta komai, ai za a sace mini sirri." Na ce mata doka sunaye take nema, ba awo ba. Kowa ya san da wake ake ƙosai, amma ba hannun kowa ke daɗi ba.

Man da nake haɗawa don aikina na ƙarshe, na kaɗe ne da na angurya da kakin zuma. A takardarsa na rubuta su ukun bi da bi, da ranar haɗawa, da lambar rukuni, da inda za a same ni. Lambar NAFDAC ban da ita tukuna, don haka ban kai shi kasuwa ba.

Fuskar ƙanwata ta fara komawa daidai, amma likita ya ce sai an yi haƙuri na watanni. Robar tana nan a akwatina. Duk wadda ta kawo mini tallar mai a hostel, ita nake fara miƙa mata, in ce ta karanta mini bayanta.