FILIN MANOMA: Ciwon Fitsari A Jikin Kare

Jama'a, a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke da rumbun albasa da dare, shi ke bin maharba daji da rani. To, yau za mu yi magana a kan ciwon fitsarinsa, musamman wani iri wanda ba safai akan gan shi ba, amma sau da yawa mai karen ne ke jawo shi da hannunsa.

Ga alamun ciwon mafitsara. Kare ya riƙa yawan tsayawa fitsari, yana yunƙuri, sai ɗan ɗigo ya fito. Fitsarin yakan yi kauri da wari, wani lokaci da jini. Ya fi kama karya, domin hanyar fitsarinta gajeruwa ce. Galibi ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira bakteriya su ke kawo shi, kuma in an sami maganin da ya dace, kwana 3 zuwa 5 yakan isa.

Amma akwai wanda fumfuna ke kawowa. Kowane manomin Aliero ya san baƙin garin nan da ke fita ƙarƙashin ɓawon albasa in ta ji laima a ajiya. Wannan fumfuna ce, abu mai rai, danginta kuwa suna da yawa. Ƙyasbi ma aikinsu ne. Wadda ta fi shiga mafitsarar kare sunanta Kandida, ita ce ke sa fari-fari a harshen jarirai. Dama tana zaune a hanji da fatar lafiyayyen kare ba ta cutarsa, gama ƙwayoyin kirki da ke tare da ita sun hana ta yaɗo.

Yaya take samun hanya? Mutum ya ga karensa na wahala, sai ya sayo kafso mai ja da rawaya a kasuwar Jega, ya yi ta ɗura masa mako da makonni. Kafson nan ya kashe ƙwayoyin cuta, ya haɗa da na kirki, fumfuna kuwa ko a jikinta. Sai fili ya zama nata, kamar gonar da aka nome aka bar ƙudujin a ciki. Ku tuna fanisilin kansa daga fumfuna Likita Fleming ya gano shi a Landan cikin 1928, kuma bakteriya yake kashewa, ba fumfuna ba. Ciwon sukari ma yakan buɗe mata ƙofa, domin tana son fitsari mai zaƙi. Haka kuma allurar kumburi da ake cewa sitiroyid in an daɗe ana yi.

Akwai kuma wata 'yar'uwar fumfunar albasa wadda kare ke shaƙa cikin ƙura, ta bi jini ta sauka a ƙoda da ƙashin baya. Ta fi kama karnukan Jamus irin na 'yan sanda, warkar da ita kuwa da wuya ƙwarai.

Kada ku ce duk jan fitsari fumfuna ce. In fitsari ya yi duhu kamar shayi, ga zazzaɓi, dasashi ya yi fari fat, to a tuhumi kaska. In jini na ɗiga ko ba a fitsari, a duba gabansa, wataƙila tsiron nan ne da karnuka ke ɗauka wajen barbara. In kuwa fitsari ya tsaya ɗungum, mai yiwuwa tsakuwa ce ta toshe hanya, wannan kam ba ya kwana. Ido ba ya rarrabe su, sai madubin likita.

Ga abin yi:

1. In an yi kwana 5 ana ba da magani ba sauƙi, kada a ƙara sayen wani. A nemi malamin dabbobi.

2. A tari fitsarin safe cikin kwalba mai tsabta, a rufe, a kare ta daga rana, a kai nan da nan. Sa'an nan a wanke hannu da sabulu.

3. A gaya wa likita duk maganin da aka riga aka ba karen, kada a ɓoye. In aikin ya fi ƙarfin ofishin gari, akwai asibitin koyar da likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

4. In an tabbata Kandida ce, maganin da aka fi ba da shi fulukonazol, kuma yakan kai mako 4 zuwa 6. Kada a daina sai an sāke auna fitsari an ga ta ƙare.

5. Kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, waɗansu suna lalata masa ƙoda.

6. A ajiye masa ruwa mai kyau kullum, tun ba a bazara ba. In yana ɗaure a riƙa sakinsa ya yi fitsari, a kuma share ruɓaɓɓen ƙaiƙayi daga makwancinsa.

Kuɗin awon fitsari sau ɗaya bai kai asarar buhun albasa da ɓarawo zai ɗauka ran da mai gadi ya kwanta ba. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.